Ban taɓa shan giya ba amma aka ce hantata ta yi kitse

Tambayar da mai hoton ciki ya yi min ita ce ta fi komai ɓata min rai a ranar, har yau in na tuna sai in ji wani iri. Ina kwance ya shafa min man nan mai sanyi a ciki yana ta goga na'urarsa a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ya daɗe a wurin yana kallon kwamfutarsa bai ce uffan ba, can sai ya ce "Alhaji, kana ɗan taɓa ruwan nan ne?" Na ce wane ruwa? Ya rage murya ya ce giya. Wallahi sai da na tashi zaune da man a jikina. Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba, na sauke farali, ina da 'ya'ya biyar, yau ni ake tambaya ko ina shan giya. Ya ba ni haƙuri ya ce dole ne su tambaya, saboda hantata ta yi haske a hoton fiye da ƙima, alamar kitse ya taru a cikinta, kuma masu shan giya haka tasu take fitowa.

Abun da ya kai ni ma ba hanta ba ce. Bayan Babbar Sallah ta 2023 ne cikina ya dame ni da ƙwarnafi da zafin ƙirji, na ɗauka olsa ce ta motsa kamar yadda ta saba, likita ya ce a yi hoto a gani, shikenan aka je neman wani abu aka tarar da wani. Daga baya na gane yawancin masu wannan matsalar haka ake gano tasu, don ba ta da ciwo, ba ta sa ido ya yi ɗorawa irin na shawara, mutum yana ta harkarsa kitse yana ta taruwa shekara da shekaru. Ni dai abun da zan iya tunawa shi ne yawan kasala, bayan azahar sai in ji kamar an ɗaure min dutse, ina dangantawa da zafin Kano da kuma shekaru, lokacin ina da 44.

Aka ɗebi jini. Abun farko da suka duba shi ne ciwon hanta na ƙwayar cuta, wato B da C, likitan ya ce a ƙasar nan ba a maganar hanta sai an fara kawar da su, don binciken da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da B. Alhamdulillah ba ni da ko ɗaya. Amma wani awon lafiyar hanta da suke kira ALT ya hau har ya kai 78, sukarina yana bakin iyaka, bai zama ciwon suga ba amma ya kusa, kolestarol ɗin jinina ya hau, na hau sikeli kilo 98. Layi ya yi yawa a ranar, likitan yana rubutu yana magana, ya ce min in rage maiƙo, in rage kolestarol, in dinga motsa jiki, in dawo bayan wata uku. Duk cikin maganarsa kalma ɗaya ce ta zauna min a kai, kolestarol, kuma ni a sanina kolestarol ƙwai ne.

Bari in faɗi yadda nake rayuwa lokacin don a fahimci wautar da na tafka. Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Da safe shayi mai kauri da madara, sukari cokali huɗu, burodi da soyayyen ƙwai uku. Wajen sha ɗaya yaron shago ya kawo min masa ko ƙosai. Da rana shinkafa da miya, faranti ya yi tozo. Lemon kwalba kuwa ba a magana, duk baƙon da ya zo daga Nijar ko Maiduguri ko Yola sai an saya masa mai sanyi, kuma ai ba za ka bar baƙo ya sha shi kaɗai ba, a rana sai in sha uku ban sani ba. La'asar fura da nono, ita ma a zuba sukari. Da dare tuwon shinkafa miyar kuka a malala man shanu har yana kwanciya a sama, in na ci in fita majalisa, can kuma akwai balangu ko tsire, ranar Juma'a da daddare farfesun kai ko na kayan ciki, wannan kam kamar wajibi ne. Tafiyar da nake yi a rana kuwa daga ƙofar gida zuwa mota, daga mota zuwa shago, daga shago zuwa masallaci wanda ko minti biyu bai kai ba. Tumbin da na ajiye kuwa yabo ake yi masa, kowa ya gan ni sai ya ce Alhaji hutu ya zauna, ni ma ina shafa shi ina dariya.

To da na dawo gida sai na kafa doka, ba ƙwai. Ba ni kaɗai ba, gidan gaba ɗaya, har yara na hana a soya musu, uwargida ta ce Alhaji su kuma me suka yi, na ce rigakafi ne. Na je kanti na sayo babbar jarkar man girki da aka rubuta a jikinta cewa ba kolestarol, na ce to da wannan a soya komai, ai ba laifi, har dankali da doya da ban cika damuwa da su ba na koma ci tunda man mai lafiya ne. Wurin da ƙwai ya bari a karin kumallo na cike shi da ƙarin burodi. Tsire in an kawo sai in tsince farin kitsen in ajiye gefe ina jin kaina gwani, amma ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa ban taɓa tunanin akwai matsala da su ba, ai ba a ganin kitse a jikinsu. Lemo kuma ko kusa bai zo raina ba, lemo ai ruwa ne, ina ruwan ruwa da kitse.

Sannan na ƙara da babbar ɓarna. Akwai masu motar nan da lasifika da ke yawo bakin kasuwa, maganin basir, maganin sanyi, maganin wankin hanta. Wani maƙwabcin shagona ya rantse min cewa ƙaninsa ya sha ya warke sarai, na sayi jarka ɗaya, baƙin ruwa mai ɗaci kamar maɗaci, ina sha safe da yamma sati uku, yana sa ni gudawa ni kuma ina murna wai dattin ne yake fita. Ban faɗa wa kowa a gida ba sai uwargida, ita ma ta ce ba ta yarda da shi ba amma ban ji ba.

Wata huɗu na yi kafin na koma, na je da ƙwarin gwiwata ina jiran a yaba min. Sikeli ya nuna 99. ALT ya tashi daga 78 zuwa 112. Na zauna a benci a waje na rasa abun da ke min daɗi, wata huɗu ban ci ƙwai ko ɗaya ba, na hana 'ya'yana, ga sakamakon.

A nan ne aka tura ni wajen wata likitar ciki da hanta a asibitin koyarwa, kuma ita ce Allah ya sa ta zama sanadi. Ba ta fara da magani ba, takarda ta ba ni ta ce in rubuta duk abun da na ci na sha jiya da shekaranjiya, kada in ɓoye komai, har abun da aka ba ni a hanya. Na rubuta, ta karanta tana gyaɗa kai, da ta zo kan lemo uku da farfesun kai ta ɗago ta ce "Alhaji, ai ka bar jaki kana dukan taiki." Da na ambaci jarkar wankin hanta kuwa fuskarta ta canza, ta ce in je in zubar yau ɗin nan, hanta ba kwano ba ce da za a wanke, duk abun da ka haɗiya ita ce take fara karɓarsa ta sarrafa, kuma suna kwantar da mutanen da irin waɗannan haɗe-haɗen suka ƙona wa hanta, wasu ba sa tashi.

Bayanin da ta yi min kan kolestarol shi ne abun da na fi so mutane su ji, don na ga da yawa irin tunanina suke yi. Ta ce kolestarol ba guba ba ne, jiki yana buƙatarsa, da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, da shi ake haɗa sinadaran maza da na mata, da bitamin D, da ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo. Kuma mafi yawan wanda ke cikin jikinka, wajen kashi uku cikin huɗu, jikin ne da kansa yake ƙera shi, hanta ce babbar masana'antar, ragowar ne kawai ke shigowa ta abinci. Sannan ba a samunsa sai a abun da ya fito daga dabba, nama, ƙwai, madara, man shanu. Man gyaɗa ba shi da shi, man waken suya ba shi da shi, kai ko manja ba shi da shi, don haka rubutun da na gani a jikin jarka gaskiya ne amma gaskiyar da ba ta da amfani, kamar a rubuta a buhun gero cewa ba ƙashi a ciki. Na ji kunya sosai a wurin nan, ni ɗan kasuwa da na san duk dabarar talla aka yi min ita. Mai dai mai ne, cokali ɗaya na wannan da na wancan ƙibar da suke sawa ɗaya ce. Ta ƙara da cewa akwai nau'in maiƙon da ke daskarewa in ya huce, irin na kakiɗe da man shanu da kitsen nama, manja ma kusan rabinsa irin wannan ne, to shi wannan yana sa kolestarol ɗin jini ya hau fiye ma da kolestarol ɗin da ka ci kai tsaye.

Sai ta zo kan ƙwai. Ƙwai ɗaya babba yana da kolestarol wajen miligiram 186, duk a gwaiduwa. Hantar saniya dafaffiya giram 100 ta kusa 400. Ƙoda wajen 700. Ƙwaƙwalwa kuwa giram 100 wajen 3000, wato ɗan abun da nake sharɓewa daren Juma'a ina lashe yatsa ya kai ƙwai goma sha biyar ko fiye. Na ce innalillahi. Ta yi dariya ta ce shi ya sa na ce maka taiki kake duka. Ta ce a Amurka da can suna cewa kada mutum ya wuce miligiram 300 a rana, a 2015 suka cire wannan adadin daga ƙa'idar abincinsu, sai mutane suka ɗauka an ce a ci yadda aka ga dama, alhali a takardar dai sun ce a rage shi iya yadda za a iya. Mai lafiya ƙalau ƙwai ɗaya a rana ba abun tashin hankali ba ne, amma mai hanta irin tawa da sukari a bakin iyaka lissafinsa daban.

Na tambaye ta, to likita kitsen da ke cikin hantar tawa kolestarol ɗin ne ya taru? Ta ce a'a, yawancinsa kitse ne na yau da kullum irin wanda ke tumbina, wani daga tumbin ma yake kwararowa cikin hantar, wani kuma hantar ce take ƙera shi daga sukari da abinci mai sitaci da ya yi wa jiki yawa, musamman sukarin lemo da na kanti, rabinsa wani nau'i ne da kusan duk hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, in ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse ta ajiye a ɗakinta. Wato lemon da na raina shi ne kan gaba. Amma ta ce kada in ɗauka kolestarol ya fita daga zargi, don hantar da ta riga ta cika da kitse in kolestarol ya taru a cikinta yana daga cikin abubuwan da ke hura wutar kumburi, an ga wannan ƙarara a gwajin da ake yi da ɓeraye, in aka ba su abinci mai maiƙo kaɗai hantarsu ta yi kitse, in aka haɗa da kolestarol mai yawa sai kumburi da tabo su biyo baya. Kuma kumburin ne abun tsoro. Kitse zalla mutum zai iya rayuwa da shi, amma daga kumburi sai tabo, tabo in ya yi yawa hanta ta ƙanƙance ta taurare, daga nan ciki ya tara ruwa, aman jini, wani har kansa. Ba kowa ke kaiwa can ba, kaɗan ne, amma ba wanda ya san ko yana cikin kaɗan ɗin sai an auna.

Ta ɗauki shekaruna da awon jinina guda uku ta buga a waya, wani lissafi ne da suke kira FIB-4, ta ce in ya fito ƙasa da 1.3 to da wuya a ce tabo ya yi nisa, nawa ya fito ƙasa da haka. Wannan ce ajiyar zuciyar farko da na yi tun watan Yuli.

Maganin da ta rubuta min ba a kemis yake ba. Ta ce in rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyina, wato kilo 7 zuwa 10, kashi 5 ma kitsen hantar zai fara zubewa amma don kumburi ya lafa sai an kai 7 zuwa sama. Kuma a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, don ramewar gaggawa tana iya ƙara wa hanta wahala ta kuma kawo tsakuwa a matsarmama. Ƙwaya ɗaya ce ta ba ni, atorvastatin, ta rage kolestarol ɗin jini, kuma a kanta muka yi 'yar jayayya don na karanta takardar cikin kwalin na ga an ambaci hanta, na ce likita ya za a ba mai ciwon hanta maganin da ke taɓa hanta? Ta ce an daɗe da tabbatar da cewa masu kitsen hanta suna shansa lafiya, za ta dinga duba jinina, sannan ta tambaye ni me ya yi ajalin mahaifina. Na ce shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara 61. Ta ce to Alhaji, masu irin ciwonka abun da ya fi kashe su ba hantar ba ce, zuciya ce da jijiyoyin jini, wannan ƙwayar ba don ta narkar da kitsen hanta na ba ka ba, don kada ka bi hanyar Baba ne da wuri. Ban ƙara cewa komai ba.

Barin lemo shi ya fi komai wuya, ban taɓa sanin na kamu ba sai da na daina. Satin farko ciwon kai, jin haushi, yaran shago suka dinga kaffa-kaffa da ni. Abun da ya taimake ni shi ne ranar da na auna da idona, robar lemo ta 50cl tana da sukari sama da giram 50, na sa aka kawo min sukari na zuba cokalin shayi goma sha biyu a kofi na ajiye a kan kanta ina kallo, kusan iyakar abun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda kenan, ni kuma ina shan uku ban da na shayi da na fura. Yanzu baƙo ya zo a saya masa nasa ni a ba ni ruwa, da farko ana tsokanata, wani Alhaji daga Damagaram ya ce ko rowa na koya, daga baya kowa ya saba.

Uwargida kam Allah ya saka mata da alheri, ita ta ɗauki abun kamar jihadi. Tuwo malmala biyu ya koma ɗaya, kuma na dawa ko na alkama ya fi yawa, miya ta ƙaru, ganye ya ƙaru. Kwaɗon zogale da rama, wake da ɗan mai kaɗan, faten acca, kifi gasasshe sau biyu a sati, kaza a cire fata. Zoɓo da citta da kanumfari ba sukari, kwana ukun farko kamar magani, yanzu in aka ba ni mai sukari sai in ji ya gundure ni. Fura ina sha amma rabin ƙwarya kuma ba sukari. Man shanu ya koma ɗan ɗigo ranar Juma'a don ƙamshi. Gyaɗa ina ci amma tana tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, likitar ta ja kunnenmu cewa gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna da wata guba da ke cin hanta. Ƙwai kuma ya dawo gidan, yara suka yi ta murna har da tsalle, ni dafaffe ɗaya nake ci, ba kullum ba. Kayan ciki da kai da bargo su ne na yi wa sallama. Kofi baƙi ba sukari likitar ta ce in ina iyawa in sha kofi biyu a rana don an lura masu shansa tabon hantarsu ya fi sauƙi, ni dai ɗaya nake iyawa, shi ma ina yamutsa fuska.

Tafiya kuma bayan sallar asuba, minti talatin zuwa arba'in, kwana biyar a sati don a haɗa minti 150 ɗin da ta ce. Watan farko ina haki kamar wanda ya yi dambe. Unguwa kuma aka fara magana, wai Alhaji ya sayar da mota, wani ma ya tsaya da babur zai rage min hanya don tausayi.

Azumin 2024 ya zo a watan Maris, kuma a nan na gane wani abu game da kaina, duk azumin da na yi a baya ƙiba nake ƙarawa, don daga an kira magariba kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo mai ƙanƙara, a dawo daga tarawi a ci shinkafa, sahur a ci tuwo a koma barci. Wannan karon dabino uku, ruwa, farfesun kifi ko alala, bayan tarawi abinci kaɗan, kuma masallaci mai nisa na zaɓa don in taka. Kilo uku na zubar a watan. A cikin azumin ne ma wani abokina ya turo min labari a WhatsApp cewa an samu maganin ciwona a Amurka, gaskiya ne kuma, a watan nan hukumar magungunansu ta amince da wani magani resmetirom, shi ne na farko da aka amince da shi musamman don wannan ciwon. Na kai wa likita da zumuɗina, ta ce na waɗanda tabo ya riga ya kama hantarsu ne sosai, kuɗinsa ma ba a magana, kuma ko su ɗin sai sun haɗa da gyaran abinci da motsa jiki, ta ce in gode wa Allah ban kai matsayin da zan buƙace shi ba.

A wannan zaman ne ta faɗa min wani abun da ya ba ni dariya, wai a 2023 ɗin da aka gano nawa likitocin hanta na duniya suka canza wa ciwon suna. Tun 1980 da wasu likitoci a Amurka suka fara bayyana shi sunansa yana ɗauke da kalmar giya, wato ciwon hanta irin na mashaya a jikin wanda ba ya sha, yanzu sun cire ta sun danganta shi da ainihin tushensa, ƙiba da sukari da hawan jini da maiƙon jini, kuma cikin dalilansu har da ƙyamar da sunan ke jawo wa marasa lafiya. Na ce ashe ba ni kaɗai aka ɓata wa rai a kan gadon hoto ba. Kuma wai kusan mutum uku cikin goma na manyan duniya suna da shi, ni da na ɗauka wani baƙon ciwo ne ya faɗo kaina, na dinga kallon layinmu a kasuwa ina ƙirga tumbi.

Abun da ban shirya masa ba shi ne bakin mutane. Da na zubar da kilo takwas wuyan riga ya fara yi min yawa, tela ya rage min kaya, sai magana ta fara yawo, wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce suga ce ta cinye ni, wasu suka faɗi abun da ya fi haka muni. Wani da muke hulɗa da shi shekara goma ya ƙi ba ni kaya bashi a karon farko. Hajiyarmu kuwa ranar da na je gaishe ta ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce "Kai ɗan nan, faɗa min gaskiya, wa ya taɓa min kai? Ko matarka ce ba ta ba ka abinci?" Na yi bayani har na gaji, a wurinta ɗanta mai lafiya shi ne wancan mai tumbin, ta sa aka yi min rubutu na sha, na sha don hankalinta ya kwanta, ai ba sukari a ciki.

Oktoban 2024 aka sake awo. Kilo 88, ALT 34, sukari ya koma daidai, kolestarol ya sauka, hoton ciki ya nuna kitsen ya ragu sosai ko da yake bai tafi duka ba. Kuma kada in yi ƙarya, a Disamba da bukukuwa suka yi yawa, ɗaurin aure uku huɗu a sati, ga alkaki ga dubulan ga soyayyen nama, ga sanyi ya hana ni fita da asuba, kilo uku suka dawo kamar suna laɓe a bayan ƙofa, sai da na sake ɗaura ɗamara. Ƙwayar kolestarol har yanzu ina sha kowane dare, kuma duk wata shida ina komawa.

Babbar Sallar 2025, washegari da yamma, sai ga jikan Hajiya da 'yar langa a ɗaure da ƙyalle. Tun ina yaro in aka dafa kan ragon layya ƙwaƙwalwar tawa ce, ko Baba ba ya taɓawa, kuma bara da na mayar da ita sai da Hajiya ta yi sati ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na buɗe, ƙamshin daddawa da masoro ya bugi hancina, uwargida tana tsaye a bakin ƙofa ta zuba min ido ba ta ce komai ba. Na ɗebi cokalin shayi ɗaya na ci, na kira yaran gidan da na maƙwabta su takwas aka raba musu sauran, sannan na kira Hajiya a waya. Ta ce ka ci? Na ce na ci Hajiya, ta yi daɗi, Allah ya ƙara girma. Ta ce duka ka cinye? Na ce ai ko langar sai da aka suɗe.